Digirin Jallul a Bakin Matsefin Ruwa

"Shekara biyar a jami'ar Wahran, Fatna. Shekara biyar da ƙwayar ruwa uku. Faɗa min abin da ya dawo mana da shi, ban da takarda da tabarau."

Haj Tuhami ke nan, mai awon ruwan garin Tinkarra, yake yi wa ƙanwarsa lissafi a tsakar gida bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana raba wa jama'a ruwa ba ya buƙatar ihu, in ya faɗi magana sai dai kowa ya nemi wurin zama.

'Yarsa Mas'uda tana madafa tana murza kuskus. Hannu yana cikin akushi, kunne kuwa tun ɗazu ya fice tsakar gida.

"Yaya, Jallul yaro ne mai hankali," in ji Goggo Fatna.

"Hankali ake ɗorawa a murhu?"

"Ga addini."

"Liman ma yana da addini, amma ƙarshen wata yana bin layi a gidan waya ya karɓi albashi."

A Tinkarra ba a tambayar mutum girman gonarsa, ƙasa ai ga ta nan har ta ishi kowa. Abin da ake tambaya shi ne ƙwaya nawa gare shi a ruwan fuggara, hanyar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa da ke shayar da dabinon garin. Wanda ya sayar da ƙwayarsa kuwa ya sayar da gobensa.

"Suna cewa jami'a kyauta ce," in ji Haj Tuhami. "To kuɗin mota, tafiyar da ta fi kilomita dubu, kyauta ne? Kwamfutar da ya ce sai da ita, kyauta ce? Cinsa da suturarsa fa? Uwarsa Lalla Satti, ƙwaya biyar mijinta ya mutu ya bar mata, ta sayar da uku. Ni na auna, ni na toshe mata hanyar da laka da hannuna. Bishiyar dabino arba'in suka bushe a tsaye ina kallo."

"Ilimi ai ba ya faɗuwa ƙasa banza, Yaya."

"Wannan ya faɗi, kuma na ji ƙararsa. Shekara biyu da gamawa, me yake samu? Dinari dubu goma sha biyar na tallafin marasa aiki, sai ɗan abin da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke miƙa masa lokacin sanyi. Da likitanci ya karanta, da na yi shiru. Da aikin mai ya karanta, da yanzu yana Hassi Mas'ud yana aiko wa uwarsa. Sai ya je ya karanto labarin ƙasa. Wa ya ce masa mun ɓata?"

Mas'uda ta ciji leɓe. Ta san inda maganar ta dosa, kuma can ɗin ta je.

"Dubi Si Bujuma'a. A aji biyu na sakandare ya ajiye jaka. Yau gonar alkamarsa sai ka shiga mota kake zagaya ta. Rijiyar burtsatse uku, manyan motoci biyu. Sau biyu yana turo min manyansa."

"Ba ta son sa," in ji Goggo.

"Ban ce dole ba. Shekararta ashirin da biyar, ba jaririya ba ce. In ba ta son sa ta zauna, gidan ubanta bai yi mata kaɗan ba. Amma ni Tuhami ba zan ɗaura wa 'yata aure a kan tallafin gwamnati ba. Na ba shi zuwa ranar awon ruwa, kwana goma sha biyu. Ya zo min da takardar aiki mai albashi, ko kuma ya daina bin ƙofar gidan nan."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Ko da Goggo ta leƙa madafa, ta tarar hawaye yana ɗiga cikin kuskus.

"Ke, 'yar nan, gishirin ya isa haka."

"Goggo, shekara bakwai fa nake jiransa. A kwana goma sha biyu ina zai samo abin da ya gagare shi shekara biyu?"

Goggo ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta san kowane irin kukanta. Wannan kam ba na lallashi ba ne. Sai ta ja akushin gabanta ta ci gaba da murzawa, ta bar ta ta yi mai isarta.

Kwana huɗu bayan nan Goggo ta shigo daga gidan suna ko mayafi ba ta cire ba, ta ja Mas'uda ɗaki ta turo ƙofa.

"Albishirinki!"

"Goro fari, Goggo, in dai ba tsokana ba ce."

"Bujuma'a ya janye."

Mas'uda ta dafe ƙirji.

"Ba shi ke nan ba. Daga bakin ƙanwarsa na ji. Ya kira Jallul har gona, ya ce zai ba shi aiki, dinari dubu ɗari da ashirin duk wata, da gida mai ɗaki uku. Ya ce maganarki kuma ya bar masa har abada."

"Si Bujuma'a? Wanda ko ruɓaɓɓen dabino ba ya bayarwa sai an roƙa?"

"To ke ina ruwanki? Wai wata takarda ce kawai yake so. Zai haƙa sabuwar rijiya, ofishin ruwa na Adrar kuma sun ce sai mai digiri ya duba wurin ya sa hannu cewa ba za ta cutar da kowa ba. Kin ga digirin da ubanki ke yi wa dariya? Ashe ranarsa ce ba ta zo ba."

Daɗi ya kama Mas'uda kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ta rungume Goggo, ta saki, ta sake rungumewa. Sai da ta gama rawar ƙafarta ta lura fuskar tsohuwar ba ta gama sakewa ba.

"Mene ne kuma?"

"Yau kwana biyu, bai ba shi amsa ba."

"Wa? Jallul?"

"Wai yana tunani."

Ruwa ba ya tsami banza, amma Mas'uda ba ta cikin halin neman dalili. Ranta ne ya ɓaci, irin ɓacin da sai wanda kake so ne yake iya jawo maka shi.

"Tunani! Goggo, ki kai ni in gan shi, in ji tunanin da ya fi ni."

Ranar Alhamis da hantsi suka fita da sunan ziyarar ƙubbar waliyyin garin. Sun ziyarta kuwa, don Goggo ba ta yarda ta yi ƙarya da waliyyi ba. Daga nan suka gangara bayan tudu, wurin tsohuwar matakalar da mata ke sauka ɗiban ruwa kafin zuwan famfo. Nan Jallul ya ce su same shi.

Yana tsaye, dogo siriri, da tabarau da naɗaɗɗiyar takarda a hamata. Ya gaida Goggo har ƙasa.

"Ni gwiwata ba ta sauka," in ji Goggo, ta zauna a bakin matakalar. "Amma kunnena yana sauka. Ku yi maganar da ba za ku ji kunyar maimaitawa ba."

Mas'uda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta bi bayansa tana ƙirga matakala don kada ta yi magana tun kafin lokaci. A ta ashirin zafin rana ya sake ta. A ta talatin ta ji sanyi yana taso mata daga ƙafa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ta arba'in da biyu suka tsaya.

Duk abin da ta shirya faɗa sai ya gudu.

A garin nan aka haife ta, ruwan nan ta sha ta girma, 'yar mai awonsa ce ma, amma ba ta taɓa saukowa nan ba. Rami ne siriri da aka sassaƙa cikin jan dutse, tsayin mutum, ya miƙe sak ba ta ganin ƙarshensa. Daga sama haske yana saukowa ta bakin wata rijiya, a tsaye kamar ginshiƙi. Can gaba ga wani. Gabansa ga wani, da wani, suna ƙanƙancewa har ido ya gaza. Ƙarƙashinsu ruwa yana tahowa garai-garai, ba ƙara, ba gaggawa. Wasu 'yan kifaye kamar yatsa suka gilma ta gefen ƙafarta.

"Subhanallah," ta faɗa, muryarta ta tafi ta dawo mata.

"Rijiya ɗari shida da goma sha biyu," in ji Jallul a hankali. "Na shiga kowacce. Abin da nake yi ke nan shekara biyun da ake cewa ina zaman banza."

"Wa ya haƙa wannan?"

"Mutanen da ba a rubuta sunansu ba, yawancinsu bayi. Da guntuwar fartanya da fitilar mai. Kin ga yadda ruwan ke tafiya? A duk taku dubu, taku ɗaya kacal ƙasar ta sauka. Da ta fi haka, ruwan zai cinye ramin. Da ta gaza, zai tsaya. Na zo da na'urar jami'a na auna, Mas'uda, ina neman kuskurensu. Wallahi sai da na zauna a cikin ruwan nan na yi kuka."

Ta durƙusa ta sa hannu, sanyin ya ratsa ta har kafaɗa.

"Kin san shekarun abin da kika taɓa?"

"Ruwa yana da shekaru?"

"Wannan ya haura shekara dubu ashirin. Ruwan sama ne. Ya sauka lokacin da duk yashin nan da kika sani ciyawa ne da tafkuna, da dorina da raƙumin dawa. Ƙasa ta shanye, ta ajiye. Babu wani sabo da ke zuwa, sai abin da ba a rasa ba. Tulu ne Allah ya cika ya rufe, mu kuma muna tsotsa ta bakinsa."

Ta ɗago hannunta tana kallon ɗigon da ke sauka daga yatsunta. Da wannan take wanke tukunya. Da wannan jiya ta watsa wa akuya don ta kore ta daga madafa. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ta, ta rasa wanda ya fi yawa.

Ya warware takardar ƙarƙashin hasken. Taswira ce, jerin ɗige-ɗige sun ratsa ta, can ƙarshensu ya zana jan da'ira.

"Nan ce rijiyar farko, uwar sauran. Nan kuma, inda na zagaye, Si Bujuma'a yake son haƙa tasa. Tsakaninsu bai kai tafiyar minti goma ba. Injinsa zai ja a yini abin da garinmu ke sha a wata. Ruwan zai nutse ƙasa da ramin nan."

"Sai me?"

"Sai ki sauko nan ki tarar da ƙura. Shekara huɗu na ba shi, ko biyar."

"Shi ya sani?"

"Ya sani. Shi ya sa yake son ɗan gari ya sa hannu. In ɗan Lalla Satti ya ce ba komai, wa zai yi musu?"

Daga nan abin da ya kawo ta ya dawo mata gaba ɗaya, ya taho da hawaye.

"Ni fa, Jallul?"

"Mas'uda..."

"A'a, bari in faɗa. Ka auna rijiya ɗari shida, ka taɓa auna shekara bakwai? Ƙawayena 'ya'yansu sun shiga makaranta. In na je biki, sai a riƙa matsa min hannu ana cewa Allah ya kawo naki, kamar mai jinya. Na ce ina jiran mai ilimi. Aka yi min dariya, na shanye. Yau ilimin ya tashi biyan mu, kai kuma ka ce kana tunani?"

"Biyan da za a yanka garin nan a yi shi."

"Garin nan me ya yi maka? Da uwarka ta sayar da ruwanta, wa ya ce ta bari ga gudummawa? Layi suka yi suna tayawa!"

Ya sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

"Faɗa min tsakaninka da Allah. In ba ka sa hannu ba, ba wanda zai sa?"

"Akwai. Mu arba'in muka gama a ajinmu. Shida ne ke da aiki."

"To me ka tsare? Ruwan zai tafi, ni ma in tafi, kai kuma ka zauna da taswira kana nuna wa baƙi inda muka taɓa zama?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta jingina da bangon dutse. "Ban iya lissafinka ba, Jallul. Abin da na sani shi ne saura kwana bakwai, kuma Baba ba ya magana biyu. In kana so na, ka sa hannu. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko zobe."

Ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ba tare da shi ba fuskarsa ta koma ta yaron da ta sani tun suna makarantar allo.

"Shi ke nan," ya ce. "Zan sa."

"Ka rantse."

"Na ce zan sa, Mas'uda. Kada ki sa in haɗa da sunan Allah a wannan wurin."

Daga sama muryar Goggo ta gangaro. "Ku fito haka nan, rana ta take tsaka!"

Mas'uda ta samu abin da ta zo nema. Amma matakala arba'in da biyun nan, hawansu ya fi mata saukarsu nauyi nesa ba kusa ba.

Labarin aikin ya isa kunnen Haj Tuhami, ban da labarin rijiyar. Tsoho ya saki fuska. Har a ƙofar masallaci aka ji shi yana cewa, "Ashe takardar nan tana haihuwa, jinkirin naƙuda ne kawai." Ya aika aka ɗaure masa rago a gidan makiyayi, ya ce wa Goggo ta fara zancen ɗinki.

Amarya kuwa sai ramewa take. In ta ɗauki kofi za ta sha ruwa, sai ta tsaya tana kallonsa har Goggo ta ce ko aljanu ne suka shafe ta a ramin. Ta bar watsa wa akuya ruwa. Da safe tana jin ƙaramar hanyar ruwan da ta ratsa bayan ɗakinta tana ɗan kukanta, sai ta kama kanta tana ƙirga shekara huɗu da yatsu. Sau uku ta ɗauki waya za ta kira Jallul, sau uku ta ajiye. Tana son aurenta, ba ta daina so ba ko na minti ɗaya, abin da ya hana ta sakat ke nan.

Ranar awon ruwa gari ya fito tun da sassafe. A bakin lambuna, inda fuggara ke fitowa sarari, nan matsefin yake: faffaɗan dutse mai haƙora, ruwa yana bi ta tsakaninsu ya rabu, kowace hanya ta nufi lambun mai ita. Maza masu ƙwaya suka kewaye shi. Mata suna can gefe ƙarƙashin dabino da manyan akusan kuskus da butocin shayi. Farar motar Si Bujuma'a tana tsaye a bakin hanya, shi kuma ya jingina da ita cikin sabuwar riga.

Haj Tuhami ya naɗe wando ya shiga ruwa. Ya yi bisimilla, ya kafa farantin tagulla mai huda-huda cikin laka, ya tare ruwan duka ya bi ta cikinsa. Sannan ya fara buɗe hudojin ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa tare da shi, har ruwan ya tsaya cak a kan alama, bai hau ba bai sauka ba. Ko tari ba wanda ya yi.

Ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗari biyu da uku," ya ce.

Bara ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Wani dattijo ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Wata tsohuwa kusa da Mas'uda ta ce, "Rabona ya ragu ke nan, kuma dama bishiya tara gare ni."

A daidai lokacin Mas'uda ta hango Jallul. Ya fito daga cikin maza da ambulan ruwan ƙasa a hannu, takardar da ya sa wa hannu tana ciki, ya nufi farar motar. Tafiya yake kamar mai rakiyar gawa, bai dubi kowa ba.

Ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta dai ji Goggo ta kamo bakin mayafinta, ta ji ya zame. Ta ratsa tsakiyar maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba a ranar awo, ta sha gabansa saura taku uku ya isa.

"Ba ni."

"Mas'uda, ke kika ce..."

"Na sani. Ba ni."

Ta fizge ambulan, ta yaga shi biyu, ta haɗa ta sake yagawa. Ta juya ta watsa guntayen cikin ruwa. Suka taho a hankali har bakin matsefin, haƙoran dutse suka raba su, kowace hanya ta ɗauki nata ta yi lambu da shi.

"Ke!" Haj Tuhami ya daka tsawa, karo na farko da garin ya ji muryarsa ta tashi. "Kin san abin da kika zubar?"

"Na sani, Baba. Aurena ne."

Hawaye yana zuba, amma muryarta ta fita kowa ya ji. Ta faɗi maganar rijiyar, da inda za a haƙa ta, da albashin, da janyewar Si Bujuma'a. Da ta ga idanun maza sun koma kan Jallul da wani irin kallo, sai ta ƙara ɗaga murya.

"Kada wanda ya zage shi! Ya ƙi, ni na sa shi. Ni na yi masa kuka har ya sa hannu. In akwai tsinuwa, ni za ku yi wa."

Haj Tuhami yana tsaye cikin ruwa har ƙauri, ya dubi 'yarsa, ya dubi farantinsa, sannan ya juya ga saurayin da ya shekara biyu yana yi wa dariya.

"Kai. In ya haƙa, shekara nawa?"

"Huɗu, Baba Haj. In Allah ya yi sauƙi, biyar."

"In bai haƙa ba?"

"In an yashe rijiyoyin sama, an gyara inda ya rufta, jikokinka za su sha. Na san wuraren, guda goma sha tara ne."

"Goma sha tara," tsohon ya maimaita. "Ni goma sha bakwai na sani."

Si Bujuma'a ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ta ɗan kasuwar da ciniki ya kuɓuce masa. Ya buɗe ƙofar mota.

"Haj, kada ranka ya ɓaci. Masu irin takardarsa suna nan zube a gidajen shayin Adrar, a rabin kuɗin ma zan samu. Kai kuma malam, ka yi asarar albashi, ka yi asarar mata. Allah ya ƙara ilimi."

Haj Tuhami ya ce wa 'yarsa, ba tare da ya dube ta ba, "Koma cikin mata."

Ta juya. Gefen zanenta ya jiƙe yana jan ƙasa. Ta yi abin da ya kamata, kuma ta rasa Jallul, duka biyun ta san su a lokaci ɗaya. Ta kusa isa wurin Goggo ta ji muryar mahaifinta a bayanta, ta koma ƙasa-ƙasa kamar kullum.

"Jallul. Tuɓe takalminka ka shigo. Riƙe min farantin nan mu sake aunawa."

Maza suka dubi juna. Tun kakan kakan Haj Tuhami, hannun bare bai taɓa taɓa tagullar nan ba, sai ɗa ko surukin gida. Goggo Fatna ta riga kowa fahimta, ta dafe haɓa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka.

"Wa ya ce ku yi guɗa?" in ji tsohon a fusace. "Hannuna ne ke rawa! Ba shi da ko sisi, kun ji na ce na ba shi 'yata?"

Amma bai karɓe farantin ba.

Mas'uda ta tsaya tana kallon su biyun sun sunkuya cikin ruwa, farin rawani da tabarau, suna ƙirga huda tare. Dariya da kuka suka zo mata tare. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba ta ji tashin inji. Ta waiga, ta ga farar motar Si Bujuma'a ta hau kwalta, ta ɗauki hanyar Adrar.